Yawon Daji da Manyan Motoci a Damina: Hanyar da Muka Ɓata wa Mutanen Ƙauye

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata al'ada da ta fara samun gindin zama a tsakanin masu hali da 'ya'yansu a nan garin Kaduna, wato haɗa ayarin manyan motoci masu jan ƙafa huɗu a shiga daji da damina, domin shaƙatawa da gwada ƙarfin mota a cikin laka. Ganau ne ni a wannan magana, domin da ni aka yi irin wannan tafiya a watan Agustan da ya wuce, kuma abin da idona ya gani a ranar, da wanda na koma na tarar bayan mako uku, su ne suka hana ni yin shiru.

Ranar Asabar muka tashi bayan sallar Asuba da motoci 7, Hilux huɗu, Land Cruiser biyu da Pajero ɗaya, mu fiye da ashirin, galibinmu 'yan kasuwa da ma'aikata, sai wasu samari 'ya'yan abokai. Mun bi ta Sabon Tasha, muka wuce matatar mai, muka kama hanyar Kachiya, muka ratsa Kujama da Kasuwan Magani, daga bisani muka sauka daga kwalta muka shiga hanyar burji. Ba zan ambaci sunan ƙauyen da hanyar ta nufa ba, saboda ban nemi izinin mutanensa ba. An kwana ana ruwa a daren, irin markar nan ta Agusta da ba ta da ƙarfi amma ba ta ɗaukewa, kuma da yawa daga cikinmu murna suka yi da hakan, domin a ganinsu laka ita ce daɗin tafiyar.

Ba zan ɓoye ba, sa'o'in farko sun yi mini daɗi ƙwarai. Wanda ya saba da hayaƙin Kawo da cunkoson Kasuwar Barci, idan ya shiga dajin doka da damina, ya ga maje da ɗorawa da kaɗanya sun rufe sama da ganye, gamba ta kusa kai tsayin mutum, gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, dole zuciyarsa ta yi sanyi ya yi wa Allah tasbihi. Akwai wani saurayi a motata, haifaffen Kaduna wanda ya gama jami'a, sai a ranar ya san cewa man kaɗen da ake sayarwa a kasuwa daga 'ya'yan wannan bishiya ake samunsa. Don haka ba ni cikin masu cewa fita daji ɓata lokaci ne. 'Ya'yanmu na birni suna bukatar su san ƙasarsu, kuma ina ganin rashin sanin nan yana daga cikin abin da ya sa ba su damu da halin da karkara take ciki ba.

Matsalar ta fara ne wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da muka gangara wata fadama. Hanyar ta ratsa tsakiyar gonakin shinkafa, tsawon wurin bai wuce taku ɗari da hamsin ba, kuma duk mai ido zai ga cewa hannun mutum ya taɓa shi, domin an jera duwatsu, an shimfiɗa rassan itace, an danne da buhunan ƙasa a gefe, ta yadda mota ɗaya za ta iya lallaɓawa ta wuce. Motar farko ta sa giyar ƙarfi ta bi a hankali ta haye lafiya, ta biyu ma haka. Da a ce duka bakwai ɗin haka muka yi, da ban rubuto wannan wasiƙa ba. Sai samari suka fito da wayoyi suna ɗaukar bidiyo, masu tuƙi kuma suka fara gasa. Wannan ya ja baya ya shigo da gudu domin laka ta yi tsiri sama, wancan ya bar kan duwatsun da gangan ya faɗa gefen da ya fi taushi, wani kuma da ya haye sai ya juyo ya sake bi har sau uku. Ana ta shewa. Ni ban shiga gasar ba, amma ina tsaye ina kallo ban hana kowa ba, alhali ina cikin manyan tafiyar, kuma wannan laifi ne da na ɗauka a wuyana.

Land Cruiser ce ta kafe. Nauyin irin wannan mota ya haura tan biyu, ga mutane ga kaya, kuma da mai ita ya ji ta tsaya sai ya ƙara taka totur, tayoyi suna juyawa a wuri ɗaya suna haƙa rami, har cikin motar ya zauna daram a kan laka. Aka kawo igiya aka ɗaura a wata Hilux, aka fizga da ƙarfi, igiyar ta tsinke, ƙarfen da ke bakinta ya yi tsalle ya fasa gilashin bayan motar. Akwai mutane uku a tsaye kusa da wurin, kuma Allah ne kaɗai ya tsare. Sai a lokacin na lura cewa a motoci bakwai shebur ɗaya ne tal muke da shi, babu katako, babu sarƙa mai kyau, babu makaniki, amma akwai kulolin abinci da lemo da za su ishi gidan biki.

Muna cikin wannan hali mutanen ƙauyen suka fito, su wajen goma sha biyar, da galma da fartanya da gatari. Ba su tambaye mu ko nawa za mu biya ba. Suka shiga laka har gwiwa, suka haƙe ƙarƙashin motar, suka ce a rage iskar tayoyin, aka ɗaga ta da jak a kan wani faffaɗan dutse, suka cusa duwatsu da rassa a ƙarƙashin kowace taya, sannan suka ce wa direban ya sa ribas ya taɓa totur kaɗan kawai. Sun fi mu sanin aikin nesa ba kusa ba, domin kowace damina suna yin sa. Sai da aka shafe sama da sa'a biyu kafin motar ta fito.

Akwai wani dattijo da ke tsaye a kan tudu yana ba da umarni, daga baya na gane shi ne mai unguwa. Na je na gaishe shi, na ce, "Baba, mun gode, Allah ya saka da alheri." Ya amsa da fara'a, sannan ya nuna hanyar da sandarsa ya ce, "Alhaji, ku baƙi ne, ba za mu bar ku ku kwana a laka ba. Amma duwatsun nan da motocinku suka watsar, a ka muka ɗauko su daga bakin rafi." Ya bayyana mini cewa tun farkon damina suka yi gayya, maza suna fasa dutse, mata da yara suna jido, kowane gida ya kawo buhuna, domin a samu motar taki ta riƙa shigowa, a kuma samu hanyar fitar da mara lafiya idan ta kama. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, kuma da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Kafin mu bar wurin, wata tsohuwar Golf ta iso daga ɓangaren kwalta, ɗauke da buhunan takin zamani. Direban ya fito ya duba, ya girgiza kai. Manyan tayoyinmu sun bar ramuka biyu dogaye masu zurfi, tsakiyar hanya ta yi tudu kamar kunyar doya, kuma ƙaramar mota idan ta shiga cikinta ne zai hau tudun ta rataye. A gabanmu aka sauke takin, mutanen da suka gama wahalar fitar da motarmu suka koma ɗaukar buhu mai kilo 50 a ka suna ratsa laka. Mun haɗa kuɗi mun ba su, sun karɓa sun yi godiya, muka juya muka dawo Kaduna bayan Isha'i, wasu suna ta tura wa juna bidiyo a waya.

Bayan mako uku zuciyata ta kasa natsuwa, na ɗauki mota ɗaya na koma. Ban iya kaiwa fadamar ba, sai da na ajiye motar na ƙarasa da ƙafa. Edita, a nan ne nake son masu karatu su tsaya su fahimci yadda abin yake, domin mu masu tuƙin birni ba mu san shi ba. Hanyar ƙasa tana rayuwa ne muddin ruwa yana sauka daga kanta zuwa gefe. Da zarar taya ta yanka mata rami a tsaye, musamman a gangare, ruwan sama ya samu magudana, sai ya daina sauka gefe ya riƙa bin ramin, yana ƙara gudu yana kwashe ƙasa. Kowane ruwa da aka yi sai ramin ya ƙara zurfi da faɗi. Daga Agusta zuwa Satumba kuwa ruwa ya fi yawa a yankin nan, ƙasa ta riga ta ƙoshi ba ta iya shan ƙari, saboda haka duk abin da ya zubo gudu yake yi. Sawun da muka bari a gangaren da ke shiga fadamar na tarar ya zama kwazazzabo mai kai wa mutum ƙugu a wasu wurare. Duwatsun gayya sun nutse, wasu ruwa ya tafi da su. Masu babur sun buɗe wata sabuwar hanya ta cikin gonar shinkafar wani bawan Allah, sun tattake masa wajen kunya goma, har an kai maganar gaban mai unguwa. Mota kuwa tun ranar da muka tafi babu wadda ta sake shiga ƙauyen, kuma an gaya mini cewa mai sayen masara ɗanya da ke zuwa daga gari ya daina zuwa. Kuɗin da muka bayar, da na yi lissafi a raina, bai kai na tifa ɗaya ta marmara ba.

Na yi wannan magana da wasu daga cikin abokan tafiyar, kuma ba duka suka yarda da ni ba. Wani ya ce motocin gawayi da na katako sun fi mu ɓarna, su da ke shiga dazuzzukan nan da lodi ya fi ƙarfinsu rani da damina. Gaskiya ya faɗa, kuma saran itacen gawayi da ke cinye dajin doka magana ce da ta cancanci wasiƙa tata daban. Sai dai ɓarnar wani ba ta wanke tamu, kuma ko mai gawayi, duk da illarsa, abinci ya fito nema, yana kuma ƙoƙarin kauce wa laka ne domin kada motarsa ta kafe, mu kuwa lakar muka je nema. Wani kuma ya ce hanya ta gwamnati ce, kowa yana da ikon bi. Ban musa ikon bi ba. Abin da na ce shi ne wannan hanya ba ta taɓa ganin gireda ba a iya sanin mutanen wurin, guminsu ne ya riƙe ta, kuma addininmu da al'adarmu duka sun hana mutum ya cutar da jama'a a kan hanyarsu. Kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, kamar yadda ya zo a hadisi, to ina matsayin wanda ya haƙa rami a kanta don nishaɗi?

Akwai kuma haɗarin da muka jefa kanmu a ciki ba tare da mun sani ba. A hanyar dawowa mun tsallaka wata korama da da safe ruwanta bai wuce idon sawu ba, da yamma kuma ya kusa gwiwa, alhali ba a yi ruwa a inda muke ba, a can kan duwatsu aka yi shi ya gangaro. Babu wanda ya sauka ya gwada zurfinsa da sanda. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 60 yana iya ɗaga babbar mota ya tafi da ita, komai ƙarfin injinta, domin da zarar taya ta rabu da ƙasa jan ƙafa huɗu ba shi da sauran amfani. Idan kuma ruwa ya shiga ta wajen da inji ke shaƙar iska, nan take injin zai buga, kuma duk wanda ya taɓa neman injin irin waɗannan motoci a Panteka ya san abin da ake kira. Birki ma idan ya jiƙe ba ya kamawa yadda ya kamata sai an ɗan tattaka shi ya bushe, abin da da yawa daga cikin samarinmu ba su sani ba.

Maganar tsaro ta fi wannan nauyi. Ba mu manta ba cewa a watan Maris na 2021 an kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka, wadda ke bakin garin nan, kuma a watan Maris na 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. Mutanen Birnin Gwari da Kajuru da Chikun da Giwa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun 'yan bindiga shekara da shekaru. Ko da an samu sauƙi a wani yanki, ayarin motoci masu tsada a cikin dajin da sabis ɗin waya ke ɗaukewa, kuma ɗaya ta kafe sa'a biyu, ba abin da mai hankali zai ɗauka da wasa ba ne. Wani abin da ya fi taɓa ni shi ne wanda mai unguwa ya gaya mini a zuwana na biyu, cewa a ranar da muka shigo, da matan da ke gona suka ji rugugin injuna da yawa daga daji, sai suka kwashi yara suka shige cikin masara, wata ma ta bar kwanon abincinta a nan. Babu wanda ya sanar da su zuwanmu. Mutanen da suka saba jin irin wannan ƙara kafin masifa ta auku, mun je mun tayar musu da tsohon tsoro.

Ba kira nake a hana fita daji ba, amma ina roƙon masu shirya irin wannan tafiya su sauya lokacinta. Daga Nuwamba, lokacin da ƙasa ta bushe amma daji bai gama kaɗewa ba, ana iya ganin duk kyawun da ake nema ba tare da an yanka hanya ba. Wanda kuma ya ce shi lallai laka yake so, to akwai tsofaffin ramukan da kamfanonin hanya suka ɗebi marmara suka bari a gefen gari, a nemi izinin masu wurin a je can a yi ta gwada mota, inda babu mai bi da mara lafiya. Idan tafiya ta kama dole a ratsa ƙauye, a aika tun kafin ranar a gaida dagaci ko mai unguwa, a sanar da jami'an tsaron yankin, a ɗauki ɗan gari ya shiga motar gaba, duk inda ya ce kada a bi kada a bi. A rage yawan motoci, a bi sawu ɗaya a hankali, kada a kauce a shiga gonar mutane, kuma kada motar da za ta shiga daji ba shebur da katako da igiyar ja mai inganci, idan za a ja mota kowa ya matsa nesa. Wuraren da aka tanada domin ziyara ma muna da su a jihar nan, irin su gandun dajin Kamuku da ya zama na ƙasa a 1999, da duwatsun Kagoro, da magangarar ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, kuma duk wanda zai je ya fara tambayar hukuma halin da hanya take ciki.

Ga shugabannin ƙananan hukumominmu 23 da masu kula da hanyoyin karkara kuma, ina da roƙo ɗaya. Abin da na gani ya nuna mini cewa ƙauyuka da yawa ba kwalta suke jira ba. Hanyar da muka bi mai kyau ce a mafi yawan tsawonta, wuri biyu ne ko uku ke yanke ta duk damina, wato fadama da bakin korama. Kwalbati ɗaya da 'yan tifofin marmara da magudanar ruwa a gefe za su buɗe wa dubban mutane hanya shekara zagaye, su fitar da masara da citta da shinkafa a kan kari, taki ya shigo a kan lokaci, mai naƙuda ta kai asibiti a mota. A zagaya da damina a ga wuraren nan da ido, domin wanda ya je duba hanya a watan Janairu ba zai ga komai ba sai ƙura.

A nawa ɓangaren, na yi wa mai unguwa alkawarin cewa da zarar ruwa ya ɗauke zan kai marmara da siminti gwargwadon ƙarfina, su kuma sun ce za su sake yin gayya. Mutum uku daga cikin abokan tafiyar sun amsa za su sa hannu. Sauran na san suna karanta wannan jarida, kuma sun san fadamar da nake nufi, domin bidiyonta yana cikin wayoyinsu. Masarar mutanen nan za ta isa girbi nan da 'yan makonni, kuma har ranar da nake rubuta wannan wasiƙa babu motar da ke iya shiga ta ɗauko ta.

Na gode, Edita. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai karatu daga Unguwar Dosa, Kaduna